Jirgin Kaya A Cikin Lambu

A arewacin Wales, ƙasar Biritaniya, siririn dogon Ffestiniog ya shekara 110 yana sauko da dutsen rufin ɗaki daga tsaunuka zuwa tashar jiragen ruwa ta Porthmadog. A 1946 aikin ya tsaya. Yau 'yan yawon buɗe ido jirgin yake ɗauka.

Dakon dutsen kuwa ya koma lambunan gidaje. Can akan tarar da magidanci, har da furfurarsa, ya shimfiɗa dogo mai faɗin milimita 32 tsakanin furanni. Kan jirgin bai kai kamu guda ba, amma tururin gaske ke jansa. Taragon da ba a loda wa dutse ba yakan goce a kwana, ganye ɗaya ma ya isa ya tuntsurar da shi. Saboda haka kafin a hura wuta sai an yi shara.