Hunturun Katsina da kyandir huɗu

Uwargida, idan hanya ta kai ki Katsina a watan Disamba, hazo ne zai fara yi miki maraba. Da safe Hasumiyar Gobarau sai ta zama kamar inuwa a cikin ƙura, masu shayi a Ƙofar Ƙaura sun duƙunƙune cikin rigunan sanyi, yara kuma fuska duk ta yi furu-furu duk da man da aka shafa musu. Baƙi da yawa sukan tsaya ga hasumiyar, da fadar sarki a Ƙofar Soro, da tsohuwar Kwalejin Katsina wadda yanzu gidan tarihi ce. Ni kuwa so nake in ja ki zuwa wani wurin da ba kasafai ake kai baƙo ba, wato babban cocin Katolika na garin, mai sunan Waliyyi Martin de Porres.

Cocin bai daɗe da zama babba ba. Da can Katolikan Katsina suna ƙarƙashin dayosis na Sakkwato ne, wanda Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagoranta. A ranar 16 ga Oktoba 2023 Fafaroma Francis ya yanke wa Katsina nata dayosis, ya naɗa Gerald Mamman Musa, wanda ya tashi a Malumfashi, ya zama bishop na farko. Shi ne Bahaushe na farko da ya kai wannan matsayi a cocin Katolika. An keɓe shi ranar 12 ga Disamba na shekarar, a tsakiyar lokacin da nake son ba ki labarinsa. Shi kuwa waliyyin da cocin ke ɗauke da sunansa mutumin Lima ne ta ƙasar Peru, mahaifiyarsa 'yantacciyar baiwa ce mai jinin Afirka, kuma da tsintsiya a hannu ake zana shi, saboda shara da jinyar marasa lafiya ne aikinsa. Ina ganin duk macen da ke riƙe da gida za ta ji wani abu game da waliyyi mai tsintsiya.

Lokacin ana ce masa Adbent, daga kalmar Latin mai nufin zuwa. Lahadi huɗu ne kafin 25 ga Disamba, kuma da shi shekarar ibadar Katolika take farawa. Idan kin shiga cocin a Lahadin farko kina tsammanin ado da shagali, za ki sha mamaki. Fada yana sanye da shunayya, launin tuba da shiri. An ajiye doguwar waƙar ɗaukaka da aka saba rerawa kowace Lahadi, ba za a sake jin ta a sujadar Lahadi ba sai Kirsimeti ta zo. A gaba akwai zagayen ganye da kyandir huɗu, amma ɗaya tak ake kunnawa. Mako mai zuwa biyu, na gaba uku. Na ukun ruwan hoda ne, alamar an wuce rabi, a ɗan saki fuska. A Turai, inda al'adar ta fito, rana kan faɗi da wuri a Disamba, shi ya sa ƙarin haske kowane mako yake da ma'ana a gare su. A Katsina hazo ya ɗauki wannan aikin, domin har da hantsi rana takan zama kamar farin faifai.

Abin da ake jira biyu ne. Makonnin farko ana tunawa da dawowar Almasihu a ƙarshen zamani, ana jan kunnen mutum ya gyara tsakaninsa da Allah da maƙwabcinsa. Daga 17 ga Disamba hankali yakan koma kan haihuwarsa, karatu ya koma kan Maryamu da cikinta, da ziyarar da ta kai wa 'yar'uwarta Alisabatu wadda ta sami ciki da tsufa. A nan ne nake ganin ke kin fi malamai gane darasin. Wadda ta taɓa ɗaukar ciki ta san jira ba zaman banza ba ne: ana ɗinka kayan jariri, ana tara itacen wankan jego, ana lissafin watanni, kuma babu mai iya matso da ranar ko da kwana ɗaya. Idan ke Musulma ce, labarin ba baƙo ba ne gare ki, tunda Suratu Maryam ta kawo haihuwar Annabi Isa (AS) a gindin dabino. Addinan biyu sun bambanta ƙwarai kan wane ne jaririn, kuma ba ni da niyyar ɓoye wannan. Amma dukansu sun tsaya sun dubi uwar da halin da ta shiga.

Daren 24 ga wata sai komai ya sake. Shunayya ta koma fari, waƙar da aka ajiye ta dawo, 'yan Zumuntar Mata cikin ankonsu suna kaɗa tulu. Da yawa daga 'yan kudu masu shaguna sun tafi ganin gida, don haka za ki fi jin Hausa a bakin waɗanda suka rage. Washegari kwanukan shinkafa da kaza da cincin suna tsallaka katanga zuwa gidajen maƙwabta, kamar yadda naman layya yake tsallakowa ta ɗaya gefen.

Sai dai kalandar cocin ba ta bari a daɗe cikin murna zalla. Ranar 26 ta Istifanas ce, wanda aka jefe. Ranar 28 kuwa ta jariran Baitalami ce, waɗanda Sarki Hirudus ya sa aka kashe yana neman yaro ɗaya, har Yusufu ya ɗauki Maryamu da jaririnta suka gudu Masar cikin dare. Kwana uku kacal bayan bikin haihuwa ake sa mutane su zauna su saurari kukan iyaye mata. A wani wuri wannan karatu tarihi ne. A Jihar Katsina labarin jiya ne. Ranar 11 ga Disamba 2020, a mako na biyu na Adbent, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Iyaye mata sun yi kwana shida suna zarya ƙofar makarantar cikin sanyi kafin a sako yaran ranar 17. A Mayun 2021 aka kai hari gidan limaman Katolika a Malumfashi, aka kashe Fada Alphonsus Bello. Yau ma akwai matan da suka baro ƙauyuka da yara a goye, suna zaune a gidajen dangi a cikin birni, suna jiran ranar komawa gona. Idan ana karanta gudun Masar a cocin nan, babu mai buƙatar a yi masa bayani.

Sauran bukukuwan suna bi da sauri. Lahadi bayan Kirsimeti ta Iyali Mai Tsarki ce, 1 ga Janairu ta Maryamu, sannan ranar masanan taurari da suka zo daga gabas da zinariya da lubban da mur. Bikin baftismar Yesu ne yake rufe lokacin, a kwashe komin dabbobin da aka gina a gefen bagadi, fada ya koma koren kaya.

Idan za ki je, ki tafi da mayafi mai kauri da man leɓe, ki sammako domin sujadar safe tana cika da wuri. Kada ki yi mamaki idan an duba jakarki a bakin ƙofa, haka zamani ya kawo. In kina da maƙwabciya mai zuwa cocin, ita za ki bi, ta san bencin da iska ba ta bugawa.