Tsakanin Goyo da Keken Yara

Duk malamin jami'ar da ya sami gayyata zuwa ƙasar waje, kuma ya ƙudura tafiya da iyalinsa, yakan ɗauka biza da kuɗin jirgi su ne manyan matsalolinsa. Sai ranar ɗaurin kaya ta zo, wata ƙaramar tambaya ta tare ƙofa, wato ko a tafi da keken tura yara ko a bar shi a gida. Mu ma ta tare mu sa'ad da muke shirin zaman wata uku a Landan domin nazarin rubuce-rubucen Hausa a ɗakin karatu na SOAS, ga mu da yara biyu: namiji ɗan shekara uku, da ƙanwarsa mai wata 18 wadda ba ta daɗe da barin tatata ba.

Hujjar barin keken tana da ƙarfi. Namu kyauta aka ba mu ranar suna, kuma tun daga ranar yake jingine a bayan ƙofa, domin titunan unguwarmu a Legas ba su bar wa mai tafiya a ƙasa wuri ba, balle mai tura jariri tsakanin buɗaɗɗen kwatami da 'yan acaba. Zane da majanyi kuwa ba su taɓa kunyata uwa ba. Ba a auna su a filin jirgi, ba sa karyewa a cikin kaya, yaro kuma ya yi barcinsa da ɗumin jikin uwarsa. Ita Landan ɗin ma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar yadda ake zato. Jirgin ƙarƙashin ƙasa nata tun 1863 ya fara aiki, kuma daga cikin tashoshinsa 272, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai mutum zai isa bakin jirgi ba tare da ya taka matakala ba. A bas kuwa, gurbin da ake ajiye keken yara asali na masu keken guragu ne. A 2017 sai da maganar ta kai Kotun Ƙolin Birtaniya, bayan wani mai keken guragu ya rasa shiga bas saboda wata uwa ta ƙi naɗe keken da ɗanta yake barci a ciki.

Da wannan lissafi muka tunkari maiɗakinmu, muna ganin magana ta ƙare. Ta saurara har muka kai aya, sannan ta ce, “To Malam, in ƙaramar tana bayana, babban ya gaji ya zauna a tsakiyar titi, wa zai goya shi?”

A nan ne tambayar ta canza kama. Yaro ɗan shekara biyu nauyinsa ya kai kimanin kilo 12, na shekara uku kuma ya haura haka. A gida wannan nauyi rabuwa yake yi: yau kaka ta karɓa, gobe ƙanwar uwa, jibi 'yar maƙwabta ta zo da zanenta tana roƙon a ba ta goyo. A baƙon gari babu ko ɗaya daga cikinsu. Saura mutum biyu, kuma ɗaya daga cikin biyun al'ada ba ta koya masa ɗaura majanyi ba. Bahaushe yakan saɓa ɗansa a kafaɗa na ɗan lokaci, amma ba a saba ganinsa da goyo ba. Ke nan idan muka ce goyo ya wadatar, abin da muke nufi a fakaice shi ne bayan mace ɗaya ya wadatar, tun daga dogon layin shige da fice, bayan tafiyar sama da awa shida a jirgi, har zuwa ranar komawa gida. Keke kuwa ba ruwansa da namiji ko mace. Duk mai hannu biyu zai tura shi, har da mai digirin dakta.

Saura batun wane iri. Babban keken kyautar suna, mai rumfa da faffaɗan taya, mun bar shi inda yake. Muka nemi ƙarami mai naɗewa kamar laima, irin wanda Owen Maclaren, injiniyan jirgin sama a Ingila, ya ƙirƙiro a 1965, wanda na farkonsa bai wuce kilo uku ba. Yawancin kamfanonin jiragen sama suna ɗaukar irinsa kyauta, kuma sukan bari a tura yaro a cikinsa har ƙofar jirgi. Daga Heathrow muka zaɓi layin Elizabeth, wanda aka buɗe a 2022 kuma kowace tasharsa tana da lif, muka sauka a Tottenham Court Road, muka ƙarasa da ƙafa.

Zanen ma bai zauna a gida ba. Inda matakala ta tare hanya, ƙaramar takan koma baya, mu rataya keken a kafaɗa, mu riƙe hannun babban. Inda hanya ta miƙe kuwa, yaran kan yi karɓa-karɓa a kujerar, turawa ta zama aikinmu, maiɗakinmu ta yi tafiyarta da jaka ɗaya kacal, tana karanta sunayen tituna.