Ranar da Na Kusa Shayar da Mutane Ruwa da La'asar Sakaliya

Ana saura 'yan makonni azumin 2024 na haɗa wata 'yar manhaja mai tura saƙon tes sau biyu a rana. Na asuba yana cewa alfijir ya kusa, a ajiye cokali. Na magariba yana cewa a sha ruwa lafiya. Na zuba lambobin dangi da abokan arziki na Kankiya da Kusada, har da waɗanda ba su roƙe ni ba. Babu wanda ya taɓa kukan ladanin unguwarsu ya gaza. Ni ne dai na koyi rubuta manhaja, ina neman inda zan nuna.

Kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta haya na yi ta intanet, agogonta kuwa a kan lokacin Landan yake. Da na duba a watan Fabrairu, na ga tana bayanmu da awa ɗaya cif. Sai na rubuta layi guda: duk abin da agogo ya faɗa, a ƙara masa ɗaya. Na gwada, ya zauna daram.

Ina da wani kawu da ya yi ritaya daga aikin banki a Kano, inda ya daɗe yana kula da manyan kwamfutocin IBM. Na kai masa don ya yaba. Ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa a kan layin nan.

"Wannan ɗayan da ka ƙara, wa ya ba ka ita?"

"Lissafi ne, Kawu."

Ya ce in zo in ɗauki wani littafi a kwalinsa in karanta. Na ce to, a raina kuwa ina cewa tsoho yana so ya maido ni zamanin da ya wuce. Ban je ba.

An ɗauki azumi ranar Litinin, 11 ga Maris, komai na tafiya lafiya lau, kaina na ƙara girma. Sai asubar Lahadi, 31 ga wata, daidai shigar goman ƙarshe, saƙo ya fita kafin lokacinsa da awa guda. Gwaggona a Kusada ta ɗora ɗumame ke nan. Ta kurɓi ruwa a gurguje, ta bar tukunya a murhu, ta zauna a kan sallaya tana jiran kiran sallar da ya ƙi zuwa. Da ta kira ni da hantsi, na ce mata matsalar sabis ce. Ku duba wautar nan da kyau: rashin sabis yana jinkirta saƙo, bai taɓa kawo shi da wuri ba. Na faɗi abin da zai wanke ni, na kuma yarda da shi, na koma barci.

Da yamma, wajen shida saura ashirin, rana na nan tsaye a kan rufin gidaje, wayata ta yi ƙara. Na duba, sai ga saƙona: a sha ruwa lafiya. Kafin in miƙe kira ya fara shigowa. Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, ranar ce ba ka gani, ko kuwa Makka ka koma ba mu sani ba?" Wani abokina ya ce ɗansa mai koyon azumi har ya kai dabino baki, uwar ta fizge. Allah ya rufa mini asiri, babu babban da ya yarda da ni fiye da idonsa.

Bayan asham na tafi gidan Kawu. Bai ce uffan ba, ya nuna mini kwalin. Littafin IBM ne mai suna Principles of Operation, bango ya yi laushi, ƙura har cikin hanci. Na yi ta buɗa shafuka ina neman inda zan ɗora wa na'ura laifi, har na iso bayanin agogonta. Agogon cikin waɗannan manyan kwamfutoci yana ƙirga lokaci ne tun daga 1 ga Janairun 1900, a kan agogon duniya na UTC, wanda ba ya gaba ba ya baya don wata ƙasa. Tazarar kowane gari daban ake ajiye ta, sai za a nuna wa mutum lokaci ake haɗawa.

Nan jikina ya yi sanyi. Ingila tana tura agogonta gaba da awa ɗaya kowace Lahadin ƙarshen Maris, ta maido shi Lahadin ƙarshen Oktoba. Najeriya kuwa tun 1919 take gaban GMT, wato agogon duniyar nan, da awa ɗaya, ba ta motsawa. Wato tun ƙarfe biyun daren jiya Landan da Kankiya suka zama lokaci ɗaya, ni kuma ina nan ina ƙara ɗayata a kai. Abin da na auna a Fabrairu tazarar hunturun Turawa ce, na ɗauke ta ta har abada. Abin da ya fi ba ni kunya, tun ina yaro nake jin masu labarai a rediyo suna cewa ƙarfe kaza agogon GMT, wato kaza agogon Najeriya da Nijar. Ban taɓa tambayar me ya hana su cewa agogon Landan ba.

Gyaran bai ɗauki lokacin shan shayi ba. Na mayar da kwamfutar kan UTC, na goge ɗayar, na rubuta Africa/Lagos daga kundin yankunan lokaci na hukumar IANA, wanda ake sabuntawa duk sa'ad da wata ƙasa ta taɓa agogonta, kamar yadda Masar ta dawo da canjin agogon bazara a 2023.

Kai da ke rubuta manhaja, na san akwai irin wannan ɗayar a wani lungu na aikinka. Tura kwanan watan kwamfutarka zuwa ƙarshen Maris, sannan ƙarshen Oktoba, ka gwada kafin ka zuba lambar gwaggonka.