Itatuwan Bakin Rafi

Wanda ya tashi daga Pissy ya bi hanyar Bobo-Dioulasso, ba zai yi nisa ba sai ya iske madatsar ruwa ta Boulmiougou, inda masu lambu suke noman salak da kabeji da albasa. Rafin da yake cika ta na damina ne. Yakan kawo ruwa daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, ya gangara ta madatsu uku na cikin Wagadugu, ya faɗa Massili, Massili kuwa ya kai shi kogin Nakambe. Da rani ya yi, sai yashi da busasshen taɓo. Shi ya sa mutane da yawa suke ɗaukan bakin rafi wurin banza, inda za a zuba shara, a buga tubali, a sari itace. Alhali kuwa ƙarfin ruwan unguwa duka yana rataye ga itatuwan da suke tsaye a wurin.

A jejin da ba a taɓa ba, kowane itace yana da mazauninsa. A fili, inda rana take bugawa, akwai gamba da kyasuwa, da kaɗanya da ɗorawa nan da can. Kaɗanya tana da ɓawo mai kauri, wuta takan bi ta wuce ta bar ta da rai. In an matso kusa da ruwa, sai a fara ganin marke, da kanya da tsamiya waɗanda sau da yawa sukan tsiro a kan suri. A bakin gaɓa kuma ga madaci da ɓaure da ɗinya, rassansu sun haɗu sun yi rumfa. Can ƙasa, inda ruwa yake kwana, giyayya ce sarauniya, gama tana iya tsayawa cikin ruwa makonni ba ta mutu ba. Wannan siririn daji mai bin rafi shi ne kurmi.

Abu biyu ne suke shata iyaka tsakanin kurmi da fili: ruwa da wuta. Ko da rafi ya ƙafe a ido, akwai damshi a ƙarƙashin yashi. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, saiwoyin madaci kuwa sun tona. Domin haka ganyen kurmi yakan daɗe kore bayan fili ya bushe. Inuwar nan tana hana ciyawa yin tsawo, sa'ad da gobarar daji ta zo cikin hunturu sai ta rasa abin ci, ta mutu a bakin kurmi.

Amma in aka sare manyan itatuwa biyu ko uku, rana ta sami ƙofa. Ciyawa ta bi rana, wuta ta bi ciyawa, ta cinye ƙananan tsiro waɗanda da su ne za su gaji iyayensu. Kowace shekara kurmi yana ja da baya, har ya zama labari. Daga nan gaɓa ba ta da saiwar da za ta riƙe ta. Ruwan sama yakan kwashe ƙasa ya zuba cikin madatsa, madatsa ta rage zurfi, ta ƙafe tun kafin bazara. Mai lambun da bai taɓa riƙe gatari ba, shi ne zai ƙara wa rijiyarsa zurfi.

Ba mutum kaɗai yake cin moriyar kurmi ba. Jemagu sukan sha 'ya'yan ɓaure da na kaɗanya, su yar da irin a nesa, wato suna dashe da dare ba tare da lada ba. Ƙudan zuma suna samun fure, tsuntsaye suna samun sheƙa, dabbobi kuma suna samun inuwa a tsakiyar rani.

Wanda yake so ya ga yadda bakin rafin nan yake a da, sai ya tafi Bangr-Weoogo, a ƙasan madatsa ta uku. Daji ne na sarakunan Mosi tun da can. Turawan mulkin mallaka suka keɓe shi a 1936, aka danƙa shi ga hukumar birni a 2001. Ma'anar sunan da harshen Mosi ita ce dajin ilimi. Ya fi hekta 200, har da kadoji a cikin ruwansa. Ruwan da ya wuce ta Boulmiougou shi ne yake ratsa shi, sama ɗaya ce take zubo wa wuraren biyu. Bambancin kawai shi ne, can an hana gatari da wuta.

Shugabanni sun daɗe da gane haka. A 1985 gwamnatin Thomas Sankara ta yi shelar yaƙi da abu uku: ƙona daji, sakin dabbobi barkatai, da saran itace ba ƙa'ida. Ranar 1 ga Satumba 2009 kuma ruwa ya yi nasa gargaɗin, sa'ad da fiye da milimita 260 suka sauka a Wagadugu cikin yini guda, dubban gidajen tubali suka rushe. Ba kurmin da zai shanye irin wannan ruwa. Duk da haka ambaliyar ta nuna cewa rafi bai manta da hanyarsa ba, ko da an gina a kanta.

Matar da take neman itacen girki ba abokiyar gaba ba ce, haka ma saurayin da yake buga tubali domin ya ci abinci. Talauci ne yake kai su gaɓa. Amma akwai abin da matalauci ma yake iyawa. Mai lambu ya bar 'yan taku tsakanin fangalinsa da bakin ruwa. Mai ɗiban ɓawon madaci domin magani ya ɓare gefe guda, kada ya zagaye gindin, gama itacen da aka zagaye mutuwa yake yi. Wanda ya ga 'yar giyayya ta tsiro ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Madaci yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya yi inuwa, saboda haka mai dasa shi a bana jikokinsa yake yi wa aiki.