Tsohon Injin Kwale-kwalen Gidanmu

Yau ina so in yi magana a kan gyaran tsohon injin kwale-kwale, domin na lura yawancinmu matasan Wuro Hausa mun juya wa kogin Binuwai baya, alhali shi ne ya ciyar da iyayenmu. Kakana daga Kano ya zo fatauci ya zauna a Yola, Babana kuma ya daɗe yana safarar busasshen kifi da masara tsakanin Jimeta da ƙauyukan bakin kogi.

Injin nasa Yamaha ne mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake haɗa masa fetur da man inji. A ambaliyar 2012, lokacin da aka saki ruwan dam ɗin Lagdo na Kamaru, ruwa ya shanye shi a bakin gada, tun daga nan yake jingine a zaure. Da Baba ya ce zai sayar wa 'yan gwangwan, sai na roƙe shi ya ba ni wata guda, tunda na gama sakandare ba ni da abin yi sai jiran shago.

Wani dattijon bakanike a Jimeta ne ya ɗora ni a hanya. Ya ce, “Yaro, inji abu uku yake nema, wuta da mai da ruwa. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya.” Amma kafin nan sai da muka kwance fulogai muka zuba mai a ramukansu, muka bar shi kwana huɗu, saboda tsatsa ta kama fistin ko motsi ba ya yi. Da ya saki, muka taɓa sabon fulogi a jikin ƙarfe muka ja igiya, shuɗiyar wuta ta fito.

Sai ɓangaren mai. Fetur idan ya kwana shekaru a cikin kafireto yakan zama kamar ƙaro ya toshe ƙananan ramuka. Wanke su muka yi muka hura iska, bai yarda a zura waya ba don kada ramin ya faɗaɗa inji ya riƙa shan mai. Haɗin kuwa lita 25 na fetur da rabin lita na man inji. Wanda ya yi rowar wannan man, fistin zai saya.

Ruwa shi ne inda mutane suka fi sakaci. Akwai wata 'yar roba mai fukafukai a ƙafar injin da ke tura ruwa sama ya sanyaya shi. Tamu ta bushe ta karairaye, ga shi yashin Binuwai lokacin rani yana saurin cinye ta. Muka canja ta, muka juye man giya da ya koma fari kamar nono, alamar ruwa ya shiga, muka sa sababbin robobin toshewa. A cikin durom cike da ruwa muka gwada shi, domin ba a tayar da irinsa a busasshe. A ja na shida ya kama, siririn ruwan da ke nuna famfo na aiki ya tsinke ta baya.

Na san fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023, kuma irin wannan injin akwai shan mai. Duk da haka da damina akwai ƙauyukan da mota ba ta isa, kuma kayan gona na jiran mai ɗauka. Yanzu ni da wani ɗan uwana muna fita sau biyu a mako.

Duk mai irinsa a ajiye, ya nuna wa bakanike kafin ya kira mai sikeli. Kuma don Allah a riƙa sa rigar ruwa, a daina lodi fiye da kima. Allah Ya tsare mu, amin.