Kagoro, Garin Da Tunanin "Sabon Rai Don Kowa" Ya Tsiro

Duk matafiyin da ya taso daga Kaduna, ya bi ta Kachia da Zonkwa ya doshi Kafanchan, tun yana nesa zai fara hango wani dogon dutse ya miƙe kamar ganuwa. Wannan shi ne Dutsen Kagoro. Garin kansa yana kwance a gindinsa, cikin Ƙaramar Hukumar Kaura ta Jihar Kaduna, 'yar tafiya kaɗan daga Kafanchan. Ƙasa ce mai ni'ima da yawan ruwan sama. Da damina gajimare kan sauko ya lulluɓe kan dutsen, ƙoramu su riƙa gangarowa ta tsakanin duwatsu zuwa gonakin dawa da acca da doya. Da hunturu kuwa sanyin wurin ya kan sa baƙo ya nemi bargo tun magariba ba ta yi ba.

Mutanen garin suna kiran ƙasarsu Gworok, Hausawa ne suka mai da sunan Kagoro. A zamanin da, dutsen nan shi ne mafakarsu. Idan mahara masu neman bayi suka ɓullo, sai jama'a su haye sama su shige koguna, inda doki ba shi da ikon bin su. Ta haka suka tsira da 'yancinsu, har Turawa suka zo suka bar Kagoro da sarautarta, ba a ƙarƙashin Zazzau ko Jama'a ba, kamar yadda aka yi wa Jaba da Marwa.

A ƙarshen shekarun 1920 ne Turawan mishan na ƙungiyar SIM suka kafa zango a garin, kusan lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kafanchan cikin 1927. Ba a daɗe ba, a farkon shekarun 1930, suka buɗe makarantar koyon Littafi Mai Tsarki, wadda ita ce ta girma ta zama kwalejin horar da fastoci ta ikkilisiyar ECWA da ke garin. Da harshen Hausa aka riƙa koyarwa, musamman da ya ke cikin 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Saboda haka Bajju da Jaba da Kataf da mutumin Filato, kowa da harshen uwarsa, suka zauna a aji ɗaya suna karatu da addu'a cikin Hausa. A 1945 kuma Malam Gwamna Awan, wanda ya ke Kirista ne mai ilmin zamani, ya hau gadon sarautar Kagoro, ya riƙe ta shekara 63 har rasuwarsa cikin 2008.

To, wanda ya dubi ƙasar a wajen 1960 zai ce aiki ya yi kyau. Ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta tun 1954, majami'u sun yawaita, makarantu sun cika da yara. Amma malaman da ke kusa da jama'a sun lura da wani ciwo da ba a gani daga waje. Iyayen farko sun karɓi addinin nan da wahala, waɗansu har danginsu suka ƙaurace musu, don haka suka riƙe shi da hannu biyu. 'Ya'yansu kuwa sun tashi sun tarar da shi a gida kamar gadon gona. Mutum ya kan je sujada ran Lahadi, ya yi waƙa, ya ba da baiko, ya koma gida, zuciyarsa a bushe kamar rijiyar da ta ƙafe da bazara. Addu'a ta zama al'ada, wa'azi kuma an bar wa fasto da mai bishara, tun da su ake biya.

Wannan hali ne ya dami wani Ba'amurke mai suna Gerald Swank, wanda ke koyarwa a makarantar Kagoro. Ya sami labarin wani shiri da aka gwada a ƙasar Nikaragwa cikin 1960, inda aka ɗora nauyin shelar bishara a kan kowane mai bi. Ya ga cewa maganin bushewar ke nan, domin ruwan da ke gudu ba ya wari. Cikin 1963 shugabannin ikkilisiyoyi dabam-dabam suka taru a Jos suka amince da shawarar, aka raɗa wa shirin suna "Sabon Rai Don Kowa", aka soma aiki da shi a lardunan Zariya da Filato cikin 1964.

Abin lura a tsarin shi ne inda aka fara. Ba a fita kasuwa da ganga tun ranar farko ba. Fastoci da dattawan ikkilisiya aka soma keɓewa, domin kowa ya binciki zuciyarsa, ya tuba, ya shirya da ɗan'uwan da suke gaba da shi. Daga nan sai aka kakkafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, 'yan mutane kaɗan su haɗu da sassafe ko da dare, su ambaci sunayen maƙwabta da dangi a gaban Allah. Bayan wannan aka shiga koyar da jama'a da wani ɗan littafin jagora, manomi da ɗan kasuwa da matar aure, har kowa ya iya bayyana bangaskiyarsa da bakinsa. Sai da aka gama duk waɗannan sa'an nan aka fita biyu-biyu, gida-gida, ƙauye-ƙauye. Watau falkaswar mutum ɗaya ita aka sa a gaba, ta ikkilisiya ta biyo baya.

Har ila yau shirin ya rushe wata katanga. Kafin lokacin kowace mishan tana da yankinta da mutanenta, ba kasafai ake cuɗanya ba. Sai ga 'yan ECWA da Anglika da Baptis da na ikkilisiyoyin TEKAN sun durƙusa a tabarma ɗaya. Daga Nijeriya shirin ya ƙetara zuwa Kamaru da waɗansu ƙasashen Afirka, hedkwatarsa kuwa aka kafa ta a Jos.

Amma kowace wuta tana bukatar a riƙa iza ta. A wurare da yawa, in an ce "'yan Sabon Rai" abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne ƙungiyar mawaƙa masu ganguna da kacau-kacau da ke tashi su yi waƙa a tsakiyar sujada. Waƙoƙin suna da daɗi, suna kuma ɗauke da wa'azi, sai dai shirin da aka ƙago don kowa ya koma aikin waɗansu. Shi ya sa ikkilisiyoyin yankin ba su daina kiran taron falkaswa ba, inda akan kwana biyu ko uku ana azumi da addu'a, masu wa'azi kuma su riƙa tuna wa jama'a wahayin Annabi Ezekiyel na kwarin busassun ƙasusuwa.

Jarrabawar da ke gaban wannan tsara ta fi ta 1963 nauyi. Rikicin da ya tashi a Kafanchan cikin Maris na 1987 ya bazu zuwa garuruwa da dama na jihar, na bayan zaɓen 2011 ya sake buɗe gyambon, cikin Maris na 2022 kuma 'yan bindiga suka auka wa unguwannin Kagoro, suka kashe mutane suka ƙone gidaje. Kirista da Musulmi na yankin kowa yana da kabarin da ya ke nunawa. Ga mai bin da ya binne ɗansa, bushewar zuciya ba ta tsaya ga kasalar addu'a ba, ta kai ga ɗaci da ƙullata. Fastocin da ake horarwa a gindin dutsen nan su ne za su tsaya gaban irin wannan mutum su yi masa maganar gafara, alhali shi adalci ya ke jira. Nan ne za a gane ko falkaswa ta shiga jiki ko a fatar baki ta tsaya.

Wanda ke son ganin Kagoro cikin adonta, sai ya zo ran 1 ga Janairu, ranar bikin Afan. Asalinsa bikin gama girbi ne da buɗe farauta, kalmar Afan kuwa dutse ta ke nufi. Maharba kan fito da kwari da baka, 'yan rawa da masu bushe-bushe su cika fili gaban sarki, 'ya'yan gari na nesa su komo gida. Da safiyar wannan rana majami'u kan cika da masu godiyar ganin sabuwar shekara. Baƙon da ya kwana biyu bayan an watse, ya tashi da asuba ya zaga unguwanni, zai fi sanin halin da bangaskiyar garin ke ciki, gwargwadon yawan gidajen da ya ji ana addu'a a cikinsu.