Yaƙin Ruwa a Duniyar Seres: Yadda Muke Ƙaga wa Sojojin Kan Tebur Tarihi

Akwai wani wasa da bai shigo makarantunmu sosai ba, amma a Ingila da Amurka da ƙasashen Turai yana da ɗimbin mabiya. Ana jera ƙananan sojojin roba, kowane bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba, a kan tebur da aka ƙawata da duwatsu da kangayen gidaje na kwali. Mutum biyu su fuskanci juna, kowa da rundunarsa. Ana auna tafiyar soja da tef irin na tela, a jefa ɗan lido don a san ko harbinsa ya samu ko ya kuskure. Ba a sa kuɗi, saboda haka ba caca ba ce. Mu shida ne muke yin sa a ɗakin kwananmu na jami'a, duk ranar Asabar bayan la'asar, kuma abin da ya fi riƙe mu a cikinsa shi ne labarin da muke ƙaga wa yaƙin: su wane ne waɗannan sojoji, daga ina suka fito, kuma me ya haɗa su faɗa.

Wasan yana da dogon asali. A shekarar 1824 wani matashin hafsa mai suna Georg von Reisswitz, a tsohuwar daular Jamusawa ta Prussia, ya gabatar wa manyan sojoji wasan yaƙi da ake yi a kan taswira, suka karɓe shi don horar da hafsoshi. A 1913 marubucin nan na Ingila, H.G. Wells, ya wallafa littafin Little Wars, inda ya tsara dokokin yaƙi da sojojin wasan yara. Sai a 1987 kamfanin Games Workshop na birnin Nottingham ya fitar da Warhammer 40,000, wanda Rick Priestley ya rubuta dokokinsa na farko. Shi ne ya fi shahara a cikin wasannin da ke kai yaƙi sararin samaniya. Labarinsa yana faruwa ne kusan shekara dubu 40 bayan haihuwar Annabi Isa, lokacin da 'yan Adam suka mamaye duniyoyi barkatai a ƙarƙashin wani sarki da ya shekara dubu goma a kan karagar zinariya, bai mutu ba, bai kuma rayu ba.

Sojojin roba na kamfanin suna da tsada, kuma sai an yi odarsu daga waje. Mu ɗalibai ne, kuɗin hannunmu na garin kwaki ne da hoton takardun lakca. Don haka rundunarmu ta marafan kwalba ce da muka liƙa wa takarda mai lamba, tankokin yaƙinmu kwalin ashana ne, duwatsunmu kuma tsakuwar bayan ɗaki. Dokokin wasa mun samo su kyauta a intanet, muka rage su har suka shiga shafi biyu. Labarin ne kawai ba sai an saya ba, kuma shi ne ya sa murfin kwalba ya zama soja a idonmu.

In babu labari, wasan lissafi ne tsagwaronsa. Ka ci ni yau, na ci ka gobe, a kwashe marafa a zuba a leda. Da labari kuwa, kowane wasa yana da jiya da gobe. Masu wannan harka suna kiran jerin wasannin da aka ɗaure da labari ɗaya kamfen, wato dogon yaƙi mai fagage da yawa, inda abin da ya faru a wannan Asabar yake shafar ta gaba. Shi kansa kamfanin ya san darajar wannan. A 2003 ya shirya kamfen ɗin Eye of Terror, inda 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban suka riƙa aika sakamakon wasanninsu ta intanet ana tarawa. Akwai kuma wata dabara da muka koya daga gare su. A labarinsu an ce sarkin ya kafa manyan rundunoni 20, tara suka yi tawaye, tara suka tsaya masa, biyu kuma, ta 2 da ta 11, an goge sunansu daga tarihi, ba a taɓa faɗin abin da suka yi ba. Wannan giɓin ya ba 'yan wasa filin ƙaga nasu, kuma har yau suna muhawara a kai. Mun fahimci cewa mai ƙaga tarihi sai ya bar wa abokan wasa wurin da za su sa hannu.

Da muka zauna rubuta namu, sai muka zaɓi wurin da yake akwai shi da gaske. Seres wata ƙaramar duniya ce da ke kewaya rana tsakanin Mars da Jufita. Wani masanin taurari ɗan Italiya, Giuseppe Piazzi, ya gano ta a 1801, kuma kumbon Dawn na hukumar NASA ya isa gare ta a 2015. Faɗinta kusan kilomita 940 ne, kwananta awa tara, kuma akwai ƙanƙarar ruwa mai yawa a ƙarƙashin fatarta. Ɗan ɗakinmu mai karatun kimiyyar sinadarai ne ya nuna mana muhimmancin wannan: in aka raba ruwa da wutar lantarki ana samun iskar shaƙa da kuma iskar da ake harba roka da ita. Ke nan a sararin samaniya ruwa shi ne abin sha, shi ne numfashi, shi ne man jirgi. Ba mu buƙaci ƙaga dodo ko aljani ba, dalilin yaƙi ya samu.

Sauran abubuwan da kimiyya ta tabbatar su ma sun shiga labarin. Ƙarfin da ke jan abu zuwa ƙasa a Seres bai wuce kashi uku cikin ɗari na wanda muke da shi a nan ba. Sai muka rubuta cewa waɗanda aka haifa a can ƙasusuwansu ba za su iya ɗaukar nauyin duniyarmu ba, don haka ba su da wurin gudu. Saƙon rediyo daga duniyarmu zuwa can ba ya gaza minti 13, wani lokaci ya haura rabin awa. Sai muka sa doka cewa kwamandan da ke karɓar umarni daga duniya dole ya rubuta shirinsa a takarda kafin a fara wasa, ba zai canza ba sai bayan zagaye biyu. Taswirarmu ma ta gaske ce: akwai ramin Occator mai faɗin kilomita 92 da fararen tabon gishiri a tsakiyarsa, akwai dutsen Ahuna mai tsayin kusan kilomita huɗu.

Ɓangarori uku muka kafa, kowane da 'yan wasa biyu. Na farko mahaƙa ƙanƙara ne, jikokin leburorin da aka kai can shekara ɗari kafin labarin ya fara. Na biyu kamfanin da ya kai injuna, wanda har yanzu yake bin mahaƙan bashin iskar da kakanninsu suka shaƙa. Na uku fatake ne masu jiragen dako, waɗanda biranen Mars suka dogara da ruwan da suke kaiwa.

A nan ne aikin ya yi wuya. Abu mafi sauƙi shi ne a mai da kamfanin azzalumi, mahaƙa kuma bayin Allah, a huta. Amma mutum biyu daga cikinmu ne za su riƙe rundunar kamfanin har tsawon zangon karatu, kuma ba wanda yake son ya zauna duk Asabar ana kallonsa a matsayin mugu. Sai muka sa ƙa'ida: ba wanda zai rubuta hujjar ɓangarensa. Abokin gabarka ne zai rubuta maka dalilin da ya sa kake yaƙi, kuma sai ka karanta ka ce ka yarda kafin ya shiga littafi. Wanda ke riƙe da mahaƙa ya kwana biyu yana neman hujjar kamfani. Abin da ya kawo shi ne: kuɗin da aka gina injunan da su ajiyar fansho ce ta talakawan ma'aikata a duniya, in mahaƙa suka ƙi biya, tsofaffi ne za su kwana da yunwa. Da aka karanta, ɗakin ya yi tsit. Daga ranar ba wanda ya sake kiran kamfanin azzalumi ba tare da ya ɗan yi jim ba.

Ƙa'ida ta biyu ta fi wannan nauyi a wurinmu. Mu shidan nan ba yarenmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba, kuma kowa ya taso yana jin yadda ake siffanta mutanen wani. Mun amince cewa ba wata runduna da za ta ɗauki suna ko tufafi ko karin magana ko addu'ar wata al'umma ta gaske. Mun san cewa wasa yana iya zama mafakar ƙiyayya. A watan Nuwamba na 2021 sai da kamfanin Games Workshop ya fitar da sanarwa, bayan wani ɗan wasa ya halarci gasa a Sifaniya sanye da alamun 'yan Nazi. Kamfanin ya bayyana cewa daular da ke cikin labarinsa an ƙage ta ne don a yi wa zalunci shaguɓe, ba a yi ta don a yi koyi da ita ba, kuma ba ya maraba da masu aƙidar ƙiyayya. In masu wasa da sojojin roba a Turai sun buƙaci wannan tunatarwa, mu da muka san abin da kalma ɗaya take iya haddasawa a unguwa mun fi su buƙata.

Ƙa'ida ta uku ita ce ba a rubuta gobe. Tarihin baya namu ne, mu tsara shi yadda muke so, amma abin da zai faru sai tebur ya faɗa. A wasa na huɗu mahaƙa suna tsaron tashar famfo a ramin Occator, saura soja ɗaya ya riƙe ƙofa, abin da ake nema kawai ɗan lido ya nuna biyu ko sama. Ya nuna ɗaya. Tashar ta faɗi, kuma dole labarin ya bi. Muka rubuta cewa an rage wa kowane gida ruwa zuwa rabi, a wasa na gaba mahaƙa suka fito da sojoji takwas maimakon goma, amma aka ba su damar ɓullowa ta ramukan ƙarƙashin ƙasa da su kaɗai suka sani. Akwai wani jan murfi a rundunarsu da ya tsira a fage uku a jere, har muka ba shi muƙamin saje, muka rubuta masa uwa da ƙanwa. Ranar da ya faɗi a gindin dutsen Ahuna, mai shi ya ɗauke shi ya sa a aljihu, bai mai da shi leda ba.

Ƙa'ida ta huɗu ce ta bi mu har aji. Bayan kowane wasa, ɓangarorin biyu kowa zai rubuta rahotonsa a shafi ɗaya na littafinmu mai falle 80, ba tare da ya ga na ɗan uwansa ba. Sharaɗin shi ne ba a ƙarya a kan lissafi: sojoji nawa suka faɗi, wa ya riƙe wuri. Duk da haka rahotannin ba su taɓa zuwa ɗaya ba. Inda kamfani ya rubuta cewa ya maido da doka a tashar famfo, mahaƙa sun rubuta cewa an hana jarirai ruwa. Inda fatake suka ce sun janye cikin tsari, abokan gaba sun ce sun ranta a na kare. Dukanmu muna wurin, da idonmu muka gani, ba wanda ya yi ƙarya, amma ga tarihi biyu. Ɗan ɗakinmu mai karatun tarihi ya ce malaminsu ya sha faɗa masu su tambayi wa ya rubuta takarda kafin su tambayi me ta ce, amma bai ji abin a jikinsa ba sai da ya karanta yadda abokinsa ya siffanta yaƙin da shi da kansa ya yi. Yanzu ko labari muka gani a Facebook ko WhatsApp, tambayar farko da ke zuwa mana ita ce ina shafi na biyu.

Wani zai ce ɗaliban jami'a da marafan kwalba, ai ɓata lokaci ne. Awa uku ce a mako, kuma muna ajiye shi da zarar jarrabawa ta ƙarato. A cikin waɗannan awanni mun karanta yadda duniyoyi ke kewaya rana, mun yi lissafin yiwuwar fitowar lamba a ɗan lido, mun koyi rubuta hujjar wanda ba mu yarda da shi ba, kuma duk da Hausa muka rubuta, har muka yi ta gardamar yadda za a kira jirgin dakon ƙanƙara. Duk ɗalibin sakandare ko na jami'a da ke son gwadawa, kayan aikin suna kusa: marafa 20, ɗan lido biyu, tef, kwali da littafin rubutu. A fara da tambayar me ake faɗa a kansa, a tabbatar abu ne da za a iya ƙirgawa, sannan a ba kowane ɓangare dalilin da mai riƙe da shi ba zai ji kunyar faɗa ba.

Tun ranar farko mun rubuta a bangon littafin cewa Seres tana da tankunan ruwa 30, kuma kowane fagen yaƙi yana fasa biyu ko uku, ko wa ya yi nasara. In suka koma ƙasa da goma, duk ɓangarorin uku sun faɗi, domin ba ruwan da zai ishi kowa. Yanzu saura 14. Fatake sun aiko da takardar neman sulhu, kamfani ya ce sai an amince da bashi, mahaƙa sun ce sai an bar masu Occator. Asabar mai zuwa ba za mu jera sojoji ba, za mu zauna da takardun nan uku mu ga ko mutum shida za su iya raba tankuna 14.